Tambayar da na koya daga wani likitan Ibadan

Shekara shida na yi ina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi da ke ƙauyukan Ringim ban taɓa jin sunan Benjamin Osuntokun ba, sai da na koma ƙaro karatu. Malaminmu ya ɗora mini aikin ƙidaya masu farfaɗiya a ƙauyenmu, ya miƙo mini wasu takardu da rubutunsu ya fara dushewa, ya ce in karanta kafin in fita. Ban karanta ba. Gani nake ni ɗan gari ne, kowa ya san ni.

Kwana huɗu ina bin zaure zaure da tambaya guda: "Baba, akwai mai farfaɗiya a gidan nan?" Amsar ma guda ce: "Allah ya kiyaye, likita, babu." Alhali na san wata yarinya da na sha wanke wa ƙuna a hannu bayan ta faɗa murhu. Mahaifinta da bakinsa ya ce mini babu, kuma ban ga laifinsa ba. A nan, in aka ce yarinya tana da wannan ciwo, manema sun watse, har ƙannenta abin zai shafa, wasu kuma ba za su ƙara cin tuwo da ita a kwano ɗaya ba don tsoron yawunta, duk da ba a ɗaukar ciwon ta yawu.

Daren na huɗu na haska tocila na buɗe takardun. Osuntokun farfesa ne na cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Ibadan, an haife shi a 1935. Ya fara yin suna ne da binciken wata cuta mai sa tangaɗi wajen tafiya da raunin gani da ji, wadda ya danganta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba, aka buga aikin a mujallar Brain a 1968. Amma takardar da ta kama ni ita ce ta 1982, wadda ya rubuta da Bruce Schoenberg na Amurka da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsari suka fitar na yadda wanda ba likita ba zai bi gida gida ya zaƙulo masu alamun ciwo, daga baya ƙwararre ya duba su. Ba a ambaton sunan cutar. Tambaya ake: ka taɓa fita hayyacinka? Hannu da ƙafa sun taɓa karkarwa ka kasa tsayar da su? Sannan a ce miƙa hannuwanka, ɗauki tsinken ashana.

Washegari na roƙi ungozomar garin, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta raka ni, don ni iyakata zaure. Ita ta gyara mini lafazin. "Ɗan nan," ta ce, "kar ka ce faɗuwa, ce bugun iska." A gidan yarinyar nan Gwaggo ta shiga, ta daɗe, sai ga uwar a bakin soro, mayafi ya rufe rabin fuskarta, murya ƙasa ƙasa: "Likita, sau biyu a wata yake tashi mata, tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye. Yana da magani?"

Yana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Osuntokun da abokan aikinsa sun sami masu farfaɗiya 37 cikin mutum dubu a garin Aiyete, amma a Igbo-Ora, maƙwabciyarta a jihar Oyo, kusan biyar kacal. Bambancin da suka nuna shi ne Igbo-Ora ta daɗe da cibiyar lafiya mai awon ciki, karɓar haihuwa da rigakafi. Wato irin aikin da nake yi kullum ina ganin ƙarami ne.

Wani abin da na lura da shi, da yawa daga cikin ayyukansa tare da wasu ya yi su. A 1992 ya haɗa kai da Hugh Hendrie na Indianapolis, suka kwatanta ciwon mantuwa tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka. Ya rasu a 1995, Adesola Ogunniyi da sauran abokan aikinsa suka ci gaba shekaru da dama. A makaranta an nuna mana yadda ake auna tasirin mai bincike da yawan waɗanda suka kafa hujja da rubutunsa. Ba na raina wannan ma'auni, amma ba ya ƙirga irina, ba ya ƙirga Gwaggo.

Da na miƙa rahotona na sa sunanta kusa da nawa, malamin ya duba ya ce a bar shi haka. Likitan babban asibiti ya duba yarinyar ya ɗora ta a kan maganin farfaɗiya mai suna phenobarbital. Yanzu mahaifinta ne ke zuwa karɓa duk ƙarshen wata, a kan keke, da katin a aljihun gaba.