Mun dawo gida da Ummi, ga godiyata

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sallame mu daga asibiti, kwana 16 cif muna jinyar 'yata Ummi mai ciwon sikila, kuma Ummi da ƙafarta ta taka daga bakin layi har tsakar gida, ta ƙi yarda a ɗauke ta wai ita ba jaririya ba ce. Yanzu haka tana nan gefena a tabarma tana ta barci, ni kuma barcin ya ƙi zuwa duk da rabona da katifa tun ranar da muka fita, shi ne na ce bari in sauke nauyin da ke kaina tun kafin gajiya ta sa in manta da wani.

Ba sai na maimaita labarin ba, kun bi shi tun daga farko. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba dan Allah ku yafe ni, wallahi wani lokacin wayar tana hannuna ina kallon sunan mutum amma na rasa me zan ce masa.

Dare ɗaya ne ba zai bar kaina ba, daren kwana na uku. Da magariba aka kawo sakamakon gwaji PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jinin jikinta, ya sauka zuwa 11, tafin hannunta ya yi fari fat kamar takarda, wajen sha ɗaya ta ce tana son shayi, mamanta ta haɗa mata ta miƙa, tana karɓa da hannun hagu kofin ya sulale ya faɗi ƙasa. Ita mamanta tsaki kawai ta yi ta sunkuya tana goge zani. Ni kuwa ƙafafuna ne suka mutu, saboda na san abin da ban taɓa gaya mata dalla-dalla ba. Wata bakwai da suka wuce an yi wa Ummi hoton jijiyoyin kai, wannan da ake ɗora ɗan abu a gefen kunne ana auna gudun jini, TCD suke ce masa, nata ya haura 200, aka ce min yaro mai sikila in nasa ya kai haka yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka rubuta mata haidiroksiyuriya. Na zo gida na duba a intanet na ga asalinsa maganin ciwon daji ne, na ninke takardar na sa a aljihun jaka na ce sai na yi shawara. Shawarar da ban yi ba ke nan har wata bakwai. Ina faɗa a bainar jama'a ne don kar wani ya ɗora wa uwarta ko likitoci, laifina ne ni kaɗai.

Da gudu na je na kira likitar da ke aikin dare, yarinya ce ƙarama, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Ta zo ta ce Ummi yi min murmushi, ɗaga hannuwa biyu, matse yatsuna, fito da harshe, faɗi sunan makarantarku. Ban san minti nawa aka yi ba, ni dai Hasbunallahu kawai nake ja. Can ta juyo ta ce "Baban Ummi ka zauna, ba shi ba ne, hannun ne ya kumbura wajen allurar ruwa ga kuma rashin jini, amma jinin nan yau za a sa shi ba gobe ba."

Nan aka shiga neman jini. Ni AS, uwarta AS, wato kowannenmu yana ɗauke da S ɗin da ke kawo sikila, kuma sun fi son a sa wa mai sikila jinin da ba S a ciki, to kun ga mu iyayen da muka haife ta ba mu da abin ba ta. Na kira wanda zan kira. Wanda ya zo shi ne maƙwabcina mai adaidaita, wanda shi yake kawo mana abinci safe da yamma. Ya ce in na ambace shi shi da ni ne, to ka yi haƙuri ɗan'uwa, ban faɗi sunanka ba amma duk layinmu sun san ka. Ƙarfe ɗaya saura ya iso da rigar barci da silifas, aka gwada shi AA ne kuma rukunin jininsu ya dace, aka ɗebi leda guda, na sayo masa maltina da madara na haɗa da ɗan abin da ke aljihuna, ya sha maltinar ya tura min kuɗin ya ce "Malam, da na bar jinin a jikina kuɗin mai zai zama?" Ya ja mashin ɗinsa ya tafi, kuma bakwai na safe sai ga shi da kunu da ƙosai kamar ba shi ba. Allah ya tsare maka 'ya'yanka, ya raba ka da sharrin hanya da na ƙarfe, ya mallaka maka naka na kanka ka huta da biyan balas, ya sa jinin nan ya zama sanadin shigarka Aljanna.

Wajen asuba jinin ya kusa ƙarewa, leɓen Ummi ya fara yin ja, likitar ta dawo ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi, me ya hana a fara maganin. Na gaya mata gaskiya. Sai ta ciro wayarta ta buɗe wata takarda ta miƙo min ta ce karanta, a nan garin aka yi, a kan yaranmu.

Jama'a ina ganin kan takardar na gane ta. Waɗanda suka san ni sun san aikina, shekara 14 ina laburaren jami'a, kuma duk lokacin ƙarin girma ya zo malamai a teburina suke tarewa, a buɗe musu Google Scholar da Scopus, shafukan da ke tara takardun bincike, a ƙirga takardu nawa suka buga, sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su, lambar h ɗinsu nawa ce. Ita wannan lambar wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005, in an ce taka 20 ce to kana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Gaskiya ni na daɗe da raina harkar, saboda na ga abubuwa, na ga aboki yana ambaton aboki shi ma ya rama masa, na ga mujallun bogi da in ka biya kuɗi ko jerin cefane ka tura za su buga, har nakan ce wa abokan aiki wannan duk lissafin albashi ne kawai. Takardar nan ta sha wucewa ta gabana a jeri, layi ɗaya cikin layuka, ban taɓa buɗe ta ba. Sai a daren nan, a kujerar roba, 'yata tana shan jinin maƙwabci.

Binciken SPRING ne, ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022, sunan farko a kai Dakta Shehu Umar Abdullahi na Kano, tare da Farfesa Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt da su Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Muktar Aliyu da wasu da yawa. Yara 220 masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12, duka TCD ɗinsu ya kai 200 ko ya wuce, irin Ummi sak, daga asibitocin Kano irin su na Malam Aminu Kano da Murtala, da kuma Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su biyu, wasu miligiram 10 na haidiroksiyuriya a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Cikin su duka 8 ne suka samu shanyewar jiki, 3 a ɓangare ɗaya 5 a ɗayan, kuma masu shan 20 ɗin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Likitar ta ce in kwatanta da binciken STOP na Amurka na 1998, inda irin waɗannan yaran da ba a yi musu komai ba kusan 1 cikin 10 ke shanyewa duk shekara. Su can maganin da suka samo shi ne ƙarin jini kusan duk wata, ya rage haɗarin da kashi 90 da wani abu cikin 100, to amma fisabilillahi ni da leda ɗaya ta sa na tashi unguwa cikin dare ina zan samu leda duk wata shekara da shekaru? Abin da mutanen nan suka zauna suka duba ke nan, me talakan Kano zai iya. Shi maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, HbF, shi kuma wannan yana hana ƙwayoyin jinin lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanya.

Halin aiki bai bar ni ba, na gangara ƙasan takardar ina duba waɗanda su ma suka kafa hujja da su, da gari ya waye na bi sawu a wayata har na kai ga aikin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, likita ɗan Gana, na 1998, wanda ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na masu SS, wato masu sikila, suna samun shanyewar jiki kafin su kai shekara 20. Da wuya ka buɗe takarda a kan wannan matsalar ba ka ga sunansa ba. Ashe shi ma ɗansa na fari da sikila aka haife shi, abin da ya juya rayuwarsa zuwa wannan fagen ke nan, ya rasu a 2022. Na daɗe ina kallon sunan. Uba ne kamata, shi bai ninke takarda ya sa a jaka ba.

Ban san ko ɗaya daga cikin masu binciken nan ido da ido ba, su ma ba su san da ni ba, amma ina gode musu, da ma'aikatan jinya da aka koya wa aikin TCD, da iyayen yara 220 ɗin nan da suka yarda aka gwada a kan 'ya'yansu lokacin da ba wanda ya san amsar. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara wa iliminku albarka, ya sa ku gama da duniya lafiya. Ke kuma likita, ban ma riƙe cikakken sunanki ba, Allah ya jiƙan mahaifanki in sun rasu, in suna raye ya ja kwanansu su ci moriyarki, ya kai ki inda ba ki zata ba.

Godiya ga Hajiyarmu da ta ƙi komawa gida duk da ciwon gwiwa, ga Goggo ta Kurna da ta riƙe sauran yaran, ga Yaya Babba da ya turo kuɗi sau biyu ban roƙa ba, ga abokan aiki da suka yi karo-karo suka kuma rufe min aikina, ga sistocin dare da Baba mai gadi da yake bar min ƙofa in na fita neman magani, ga limaminmu da jama'ar masallaci. Maman Ummi ke kam ba ni da bakin gode miki, kuma kin ji abin da na ɓoye, ki yafe min. Akwai kuma 'yan'uwa na jini da gidansu bai kai tafiyar naira 300 zuwa asibitin ba, kwana 16 ko leƙe, amma an samu bakin cewa ai da ma an faɗa mana kar a yi auren. Lokacin da muka yi aure ba wanda ya ce mu yi gwaji, har su masu maganar, dokar gwaji kafin aure a Kano sai 2024 aka sa mata hannu. Ba komai, Allah ya bar zumunci. Amma ku masu shirin aure ku je ku yi, AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS, ƙasar nan ana haifar masu sikila wajen 150,000 duk shekara.

Ummi ta fara maganin, gwargwadon nauyinta aka auna mata, za mu dinga komawa ana duba jininta, kuma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je kemis ya saya wa ɗansa, sai likita ya auna. Ga folik asid, ga gidan sauro, ga gorar ruwa da aka ce kar ta rabu da ita. Masu son zuwa dubiya ku bari sai bayan Juma'a ta ɗan huta. Sannan akwai kula ruwan ɗorawa mai murfi biyu da aka kawo mana tuwo da miyar kuka a ciki ranar kwana na biyar ina barci, har yau ba mu san mai ita ba, an wanke tana nan, mai ita ya yi min magana.