Gyara wayarka tun a gida, kafin ta shiga hannun jami'in iyaka

Mutanenmu na Jidda da Makka in za su fita waje, hankalinsu na kan igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da bizar fita da dawowa, ba wanda ke tuna waya. Alhali a Amurka jami'in iyaka na iya karɓarta ya bincika ba tare da takardar kotu ba, kuma baƙo mai biza in ya ƙi buɗewa ana iya juya shi gida. A Birtaniya, in aka tsare mutum da dokar ta'addanci ta 2000, ƙin ba da lambar sirri laifi ne. Saboda haka gardama a gaban kanta ba ta fisshe ka. Abin da ba ya cikin wayar shi kaɗai ya tsira.

Inda aka fi samun matsala shi ne WhatsApp. Zaurukan dangi da na 'yan gari kullum cikin turo bidiyon siyasa, wa'azi mai zafi da hotunan yaƙi suke, suna sauka da kansu cikin ma'ajiyar hotuna ko ba ka buɗe ba. Jami'i kuwa ba ruwansa da wanda ya turo. Kashe saukar kai-tsaye, ka adana hirarrakinka a ajiya mai kalmar sirri, sannan ka share. Gogewa sau ɗaya ba ta isa: iPhone na riƙe hoton da aka goge kwana 30, Google Photos har kwana 60 in an adana shi. Shiga kwandon sharar ka share abin da ke ciki. Hotunan fasfo da igamar wasu da aka turo maka don yankan tikiti, su ma amana ce, cire su.

Kafin ka shiga layi, kashe wayar gaba ɗaya, ba rufe fuskarta kawai ba. Wayar da ba a buɗe ba tun da aka kunna ta, bayananta a kulle suke tam, yatsa ko fuska ba sa aiki sai lamba, kuma na'urorin da jami'ai ke kwashe bayanan waya da su, irin na kamfanin Cellebrite, sun fi shan wuya da ita. Lamba huɗu wasa ce. Sa aƙalla takwas, ko kalma mai haɗe da lambobi. Tunda wayar a kashe take, buga tikiti da adireshin masauki a takarda.

Wasu kan ɗauki waya ta biyu don tafiya. Dabara ce mai kyau, amma ka tafi da layinka na Saudiyya, domin lambar tabbatarwa ta Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, da ta banki can take zuwa. Kuma waya fayau babu komai ita ma tana jawo tambaya. In an tambaye ka, kada ka yi ƙarya. Wannan ya fi abin da ke cikin wayar haɗari.

In an shiga da wayar ciki ta ɓace wa idonka, canza kalmomin sirrin imel da banki da zarar ka fito. Ranar dawowa ma a sake wannan shara: dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 kan adanawa ko tura abin da ya taɓa addini ko zaman lafiyar jama'a.