Lamba ɗaya ce kawai ke kunne

Yau ɗan ƙanwata ya tarar da ni ina gwada allon LED (ƙananan fitilun lantarki) mai lambobi huɗu da na jona da Arduino Uno, wata 'yar na'ura da ake rubuta wa umarni ta kwamfuta, allon yana nuna 1234 ja wur. Na ce masa a kowane lokaci lamba ɗaya ce tak ke kunne. Ya ce, "Haba Kawu, ga su nan duka huɗu ina gani!" Ban ja da shi ba. Na shiga kwamfuta na mayar da jinkirin da ke tsakanin lamba da lamba daga milisakan 5 zuwa 500, wato rabin daƙiƙa. Sai ga 1 ta kama ta mutu, 2 ta karɓa, haka har 4, sannan a koma farko. Yaro ya saki baki. Na riƙa rage lokacin kaɗan-kaɗan, allon ya fara ƙyaftawa, can sai lambobin suka tsaya cak kamar ba abin da ke motsi.

Dabarar ke nan. Ƙananan fitilu 32 ne a ciki, amma ƙafafun allon da ake jona wa waya 12 ne kacal: 8 na sassan lamba da ɗigo, 4 na zaɓen wadda za ta kama. Zagaye 50 a daƙiƙa ɗaya, ido ba ya iya bin sawu. Yanzu tunanina ya koma kan agogon masallacinmu, ko shi ma haka yake yi mana. Gobe in Allah ya kai mu zan haska shi da kyamarar waya in gani.