Gwiwata da kwalbar jiƙon tasha

Gadar tsallaka titi ta Ojota a Legas ce ta fara tona mini asiri. Ina tsakar hawa gwiwar dama ta riƙe, na dafa ƙarfe ina nishi, 'yan makaranta na wuce ni. Shekara da shekaru ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ɗaga buhu bai taɓa zame mini komai ba, sai ga shi zaman tahiya ya gagare ni, a kan kujera nake salla a masallacinmu na Agege.

Wani abokin kasuwa ya ce, "Alhaji, sanyin ƙashi ne, akwai mai jiƙo a tasha." Na sayo kwalba ɗaya, ba suna, ba lambar NAFDAC. Kwana uku ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya, har na riƙa yi wa mutumin talla kyauta. Bayan wata biyu uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne." Fuska ta cika, sukari ya hau. Da likita ta ji labari, ta ce da alama an zuba wa jiƙon irin su dexamethasone, wani maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali. Hoton gwiwa ya nuna amosanin gaɓɓai, guringuntsi ya cinye.

Daga nan na koma kan abin da ke cikin kicin ɗinmu. Kurkum rabin ƙaramin cokali, ɗanyar citta, da ɗan masoro, a cikin madara mai ɗumi. Masoron nan ba don yaji ba ne. Sinadarin kurkum da ke rage kumburi kaɗan ne a cikin garin kurkum ɗin, kuma hanji ba ya zuƙarsa sosai sai da masoro da ɗan maiƙo. Kafin na fara sai da likitar ta tambaya ko ina shan maganin tsinka jini, domin kurkum da citta na iya ƙara masa ƙarfi.

Gaskiya ba su da saurin jiƙon tasha. Na shafe wajen mako shida kafin na lura riƙewar asuba ta ragu. Glucosamine kuwa, ƙwayar da ake sayarwa don ciwon gaɓɓai, na sha wata uku, aljihu ne kawai ya ji a jikinsa. Kifin titus nake ci sau biyu a mako saboda mansa.

Abin da ban so ji ba shi ya fi aiki: rage teɓa. Kowane kilo ɗaya da ka sauke, kusan kilo huɗu ka ɗauke wa gwiwa a duk taku. Na rage tuwon dare da lemon kwalba, na sauke kilo shida.

Idan damina ta kankama gwiwar takan yi mini magana har yanzu. Amma kujerar masallaci na bar wa wani dattijo, buhu kuma yara ke ɗauka.