Talata, da kiɗan da Kawu ya ce ba shi da mai shi

Zafi tun da asuba. An ɗauke wuta da hantsi, ba ta dawo ba sai bayan azahar, aikin safe duk da batir da sola muka yi shi. Wata baiwar Allah ta kawo wayar da ta faɗa randa, hankalinta a tashe don hotunan bikin ɗiyarta na ciki. Na buɗe, na busar, na goge, ta kama. Yadda ta yi ta sa mini albarka ya ishe ni farin cikin yini.

Auta ya zo da wuri, ya zauna kan kwamfuta yana yi wa mutane turin waƙoƙi a memori. Kasuwa ba laifi.

Bayan la'asar Kawu ya iso da ƙaramar rediyonsa, eriya ta sake karyewa. Ya zauna kan benci yana ba ni labarin tsadar hatsi, ni kuma ina neman kwalbar sukurori. Auta ya saki wani kiɗa a lasifika, ba da ƙarfi ba ma. Sai na ji Kawu ya yi shiru magana ba ta ƙare ba. Ya ce, "Kai yaro, wace tasha ka kamo?" Auta ya ce ba tasha ba ce, daga kwamfuta ne. Kawu bai ko saurari amsar ba, ya soma bin kiɗan da hanci, kuma yana riga shi, ya san inda zai hau da inda zai sauka kafin a kai wurin. Mutumin da ban taɓa jin ya rera komai ba in ba karatu ba.

Ya ce wannan ai kiɗan rediyo ne, wanda ake sawa in an gama wani shiri ana jiran wani. Ya ce lokacin da yake mushe, wato malamin makaranta, a ƙauyukan Dakoro, zamanin Kunce, da dare in ya gama duba takardun 'yan lakwal da fitilar ƙwai, shi ne abokin hirarsa. Batir na tsada, amma ba ya kashe rediyo in an sa shi.

Auta ya ce, "Mamman Sani ne, Kawu."

"Wane Mamman Sani?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har yanzu da nake rubutu. Kawu ya san kiɗan nan tun kafin a haife ni, ya haddace shi, yana da nasa tarihin da ya ɗaura masa, amma sunan wanda ya zauna ya buga shi yau ya fara ji. Ya ce bai taɓa kawo wa ransa cewa wani mutum ne ya yi shi ba. Kiɗa ne dai na rediyo, shi ke nan.

Na ajiye abin da nake yi na ba shi abin da na sani. Mamman Sani Abdullahi ɗan Nijar ne, ma'aikaci ne da ke zuwa tarukan UNESCO a ƙasashen waje. A 1974, a wajen irin wannan taro, ya haɗu da wani wakilin Ruwanda da ya zo da ogan ɗinsa, abin kiɗa mai maɓallai kamar fiyano, mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, samfurin Orla. Ya yi ta lallashinsa har ya sayar masa, ya ɗauko shi zuwa Yamai. Ya zauna da shi yana ɗauko waƙoƙin gargajiya, har da na Wodaaɓe da na Abzinawa, yana mayar da su kan maɓallai, yana kuma ƙirƙiro nasa. A 1978 ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon ƙasa da ogan ɗin, ya buga aka naɗa, ya sake bugawa aka ɗora a kan na farko. An shirya fitar da shi a kaset tare da ma'aikatar al'adu, cikin wani tsari na nuna kiɗan zamani na Nijar, tsarin bai yi nisa ba, kaset kaɗan ne suka fita. Amma kiɗan ya zauna a rediyo da tele sama da shekara 30 yana cike tsakanin shirye-shirye.

Kawu ya ce, "To ya aka yi ya shigo kwamfutar yaron nan?"

Na ce wani Ba'amurke ne, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da ɗaya daga kaset ɗin a Yamai, ya nemi mai shi ya same shi da rai da lafiya, suka daidaita. A 2013 aka sake fitar da shi a faifan garmaho da sunan La Musique Électronique du Niger. A 2014 aka fitar da Taaritt, wanda ya naɗa tsakanin 1985 da 1988 da na'urorin haɗa sauti da na'urar buga ganga, a 2015 kuma aka tattaro wasu naɗe-naɗensa na 1981 zuwa 1984 da ba su taɓa fita ba. Har Turai aka gayyace shi ya buga a gaban jama'a, gashi ya riga ya yi fari.

Na ɗauka Kawu zai ce madalla. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa, sannan ya ce, "Ɗana, ka ce daga wajen makiyaya ya ɗauko wasu. Su makiyayan, wa ya rubuta sunansu a faifan?"

Na ce, Kawu, ai waƙar gargajiya ba a san wanda ya fara ta ba. Ya ce to haka shi ma ya ɗauki wannan kiɗan tsawon shekaru, abin kowa da kowa, kuma bai ga ya ragu da komai ba don bai san suna ba. Ya ce waƙar da tsohuwa ke yi wajen daka ma wani ya fara ta, an manta shi, waƙar ba ta mutu ba. A ganinsa daraja ce babba kiɗanka ya shiga jikin mutane har su manta kai ka yi.

Ban yarda ba, kuma na faɗa masa cikin ladabi. Abin da Mamman Sani ya yi ba kwafa ba ce. Muryar makiyayi tana zamewa tsakanin sauti da sauti, tana lanƙwasa inda take so, shi kuwa ogan maɓalli ne a jere, ko ka danna wannan ko ka danna na kusa da shi, babu tsakiya. Dole mai bugawa ya zaɓi abin da zai riƙe da abin da zai saki, kuma a zaɓin nan ne hannun mutum ke fitowa. Irin waɗannan ogan na gida suna zuwa da maɓallan kiɗan rawa da aka tsara don falon Turawa, shi ya tanƙwara su suka bi tafiyar waƙoƙinmu. Ku saurara da kyau za ku ji sauti guda ya miƙe a ƙasa ba ya motsi, wani yana yawo a kansa a hankali, yana komawa inda ya fito yana sake tashi, babu gaggawa ko kaɗan. Ba shi da ƙungiya, ba shi da kamfani a bayansa, ba shi da wanda ya riga shi a ƙasar da zai kwaikwaya. Mutum ɗaya da akwatin lantarki ɗaya. Aiki irin wannan yana da mai shi, kuma mai shi yana cin abinci, yana da iyali, yana tsufa.

Kawu ya ce gaskiya ne, haƙƙin mai aiki ba abin wasa ba ne. Amma bai janye tambayarsa ba, ni ma kuma ban iya kawar da ita ba. Akwai wata mace ko wani saurayi a wani ruga da ya fara rera abin da ya zama kiɗan ogan, ya zama faifai, ya ƙetare teku. Sunansa ya tafi, ba mai dawo da shi. Abin da na iya cewa kawai shi ne, wanda ya riga ya ɓace ba mu da iko a kansa, amma na Mamman Sani a gabanmu ya kusa ɓacewa, yana raye, yana cikin Yamai, ana jin kiɗansa kullum.

Auta ya tsoma baki da tasa damuwar. Ya ce shi abin da ke ba shi haushi, an buga faifan garmaho, wa ke da garmaho a Maraɗi yau? A intanet kuma ana sayar da shi a Bandcamp, sai mai katin banki da ke aiki a waje. Ke nan an sake fitar da shi ne don kunnen mutanen Amurka da Turai, mu sai dai ya dawo mana ta bayan gida, daga waya zuwa waya. Na ce haka ne, amma ban ga laifin wanda ya fitar ba. Ya nemi mai kiɗan, ya nemi izini, ya sa sunansa da manyan baƙaƙe. Kaset ɗin shekara 35 yana ajiye a ƙasarmu, duk mai so yana iya yin abin da ya yi. Haka aka yi da William Onyeabor na Inugu, wanda kamfanin Luaka Bop ya tattara kiɗansa a 2013 ɗin dai, haka aka yi da Francis Bebey na Kamaru, wanda wani kamfanin Faransa ya tattara nasa na lantarki a 2012, bayan rasuwarsa. Kullum daga waje ake zuwa a buɗe akwatin. Wannan ke ci mini rai, ba zuwan nasu ba.

Daga nan hankalina ya koma kan shagona. Kowace rana memori ke shigowa nan cike da waƙoƙi, rabinsu babu suna, sai lambobi, ko a rubuta "sabuwa", ko "mai daɗi". An tura ta Bluetooth, an tura ta WhatsApp, a kowane turi wani abu na faɗuwa, kuma sunan mai waƙa ne ke fara faɗuwa. Shi Kirkley ɗin ma da irin waɗannan memori ya fara suna, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da Music from Saharan Cellphones a 2011, kuma babban aikin da ya sha shi ne gano waɗanda suka yi waƙoƙin don a biya su. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, na cikinsu, ga inda ya kai yau. Hama na Yamai, mai buga fiyano, shi ma a memori kiɗansa ya yi ta yawo kafin a fitar masa da Torodi a 2015. Wato abin da ya sami Mamman Sani a zamanin rediyo bai tsaya ba, hanya kawai ya sauya, kuma hanyar ta gaban teburina ta bi. Yara nawa ne yanzu haka a ɗakunan naɗar sauti na Maraɗi da Damagaram da Kano ke kwana kan fiyano suna haɗa kiɗan da mawaƙi zai hau, a san mawaƙin, a san 'yan rawa, shi mai fiyano ko a ƙarshen bidiyo ba a ambace shi ba?

Na ce wa Auta daga yau duk abin da zai fita daga kwamfutar nan, in mun san mai shi, a rubuta sunansa a jikin fayil kafin a tura. Ya ce zai ci lokaci. Na ce ya ci. Muka fara da na Mamman Sani, muka sa suna da shekara, na tura wa Kawu a memorin rediyonsa, don tana da wurin sawa. Na ɗaure masa eriya. Ya so biya na ƙi.

Zai hau kabu-kabu ya juyo ya ce akwai wata akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, cike da kaset ɗin da ya riƙa naɗa daga rediyo a shekarun nan, wasan samariya, makaɗan gargajiya, jawabai, har da abin da shi kansa ya manta. Tun rasuwarta ba a buɗe ba. Gabana ya faɗi, don na san abin da zafi da ƙura ke yi wa zaren kaset: yana manne wa juna, yana tsinkewa, wani in ka sa shi sau ɗaya ka gama da shi.

Magariba a masallacin bakin kasuwa. Tuwon dawa da miyar kuka a gida, Maman yara ta ce na yi shiru da yawa. Ƙaramar ta kawo allonta na duba mata. Fada ban je ba, na aika a ce su sha shayin ba ni.

Na kira Kawu bayan isha'i, mun tsayar da Asabar da safe. Rakodata ta shago bel ɗinta ya saki, kuma na zagaya wajen masu kayan gyara tun kwanakin baya babu irinsa. In akwai wanda ke da rakoda mai aiki a cikin Maraɗi, wadda ba ta cin zare kuma tana da wurin sa abin kunne don in ja sauti zuwa kwamfuta, don Allah ya leƙo shago kafin Juma'a. Aro nake so, zan mayar da ita yadda na karɓa.