Majaujawar da muka harhaɗa a bayan aji

Ina da wani kulob na tarihi a makarantar da nake koyarwa, muna zama duk Alhamis bayan an tashi. Wata rana muka shiga zancen yaƙe-yaƙen Turai na shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Na zana musu gidan sarki na dutse a allo, na ce irin waɗannan gidaje ake yi wa ƙawanya wata da watanni ana jifansu da duwatsu. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, da me ake jifan, tunda babu bindiga?" Na ce da majaujawa. Nan take aka gane, don kowa ya sha jin kalmar a tafsirin azumi, wurin labarin cilla Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta. Amma da ya ce in nuna musu yadda take aiki, sai na lura ni ma a takarda kawai na san ta. Girman kai ya hana ni faɗi, na ce mako mai zuwa za mu haɗa tamu.

Mako ɗayan nan ya zama biyar. Dabarar a baki ba wuya: doguwar sanda a kan gatari, ɓangare ɗaya gajere ɗaya dogo. A rataya nauyi a gajeren, a ɗaura igiya da 'yar jakar jifa a dogon. In aka saki nauyin ya faɗi, sandar ta wulwula ta cilla abin da ke cikin jakar. Na kai zanen wurin wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan jigo ne." Gaskiyarsa, kusan jigon ban ruwa na fadama ne, sai dai shi jigo a hankali yake ɗago guga. Ya yanka mana katako tubaifo, muka sa guntun rodi ya zama gatari, bokitin fenti cike da yashi ya zama nauyi, ƙwallon goruba kuma harsashi.

Jifan farko baya ya yi. Goruba ta tashi ta kanmu ta daki kwanon rufin ɗakin malamai, yara suka watse suna ihu. Na biyu ta nufi sama tsaye ta dawo kusa da ƙafata. Kwana biyu ina zargin yashi, ina ƙarawa ina ragewa, ashe matsalar na wurin wata 'yar ƙusa da ke bakin sandar. Bakin igiyar ɗaya a ɗaure yake tam, ɗayan kuwa zobe ne da ake saƙalawa a ƙusar, kuma lokacin da zoben ya zame shi ne lokacin da jifa ke fita. In ƙusar ta miƙe da yawa, zobe ya zame da wuri, jifa ya yi sama ko baya. In ta lanƙwashe da yawa, ya makara, jifa ya soki ƙasa a gabanka. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta gano haka, don ita kaɗai ta tsaya a gefe tana kallon igiya yayin da mu duk muka zuba wa goruba ido. Da filaya muka riƙa lanƙwasa ƙusar kaɗan-kaɗan har jifa ya kai taku talatin da huɗu. Abin da ya ba ni mamaki, in ba a taɓa komai ba, kusan wuri ɗaya take faɗuwa kullum. Nan na fahimci yadda ake cin katangar dutse: a yi ta bugun gurbi ɗaya har ya gaji.

Wahalar da muka sha kan abin da bai fi tsayin mutum ba ta sa na sake karanta ƙawanyar gidan sarauta na Stirling a Sikotilan da wani ido. A 1304 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya sa kafintoci da leburori suka shafe watanni suna gina wata ƙatuwar majaujawa da aka laƙaba wa suna Warwolf, har dalma aka ɓanɓaro daga rufin coci-coci don yin nauyi. Mutanen ciki, waɗanda ba su fi 'yan gomomi ba, suka nemi miƙa wuya, sarki ya ƙi karɓa sai an gwada ta tukuna. Da ina ganin wannan zalunci ne tsagwaronsa. Har yanzu ina ganin haka, amma ranar da hadari ya taso muna gab da gwajinmu na ji irin abin da ya ji.

Na kuma daina yi wa yara zuzuta na'urar, domin sau da yawa ba ita ke kawo ƙarshen ƙawanya ba. A Rochester ta Ingila, a 1215, Sarki John ya yi ta jifa bai ci ba. Sai aka haƙa rami a ƙarƙashin kusurwar hasumiya, aka tokare da itace, ya aika a kawo masa ƙosassun aladu 40, aka cinna wa itacen wuta da kitsensu, kusurwar ta rufta. Duk da haka mutanen ciki suka ja da baya zuwa ɗaya rabin ginin, sai da yunwa ta fito da su a ƙarshen Nuwamba. Wani yaro ya ce ai da sun yi irin ganuwar Kano, wadda ta zagaye gari har da filayen noma, da yunwa ba ta ci su da sauri haka ba. Na ba shi gaskiya, na kuma tuna masa cewa gidajen can na basarake ne da dakarunsa, talaka galibi a waje yake.

Labarin da suka fi so shi ne na Kaffa, garin 'yan kasuwar Genoa ta Italiya a yankin Kirimiya. A 1346 annoba ta faɗa wa rundunar Mongol da ta yi wa garin ƙawanya, kuma wani marubuci ɗan Italiya, Gabriele de' Mussi, ya ce sun riƙa cilla gawawwaki cikin gari da majaujawa. Sai da na ja musu birki, don shi kansa ba ya wurin, labari ya ji. Ɓera da ƙuma kuwa, masu yaɗa cutar, ba sa jiran a cilla su kafin su tsallake katanga ko su shiga jirgin ruwa. Cutar ta isa Messina ta ƙasar Italiya a Oktoban 1347, kuma cikin shekara huɗu ta tafi da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan aiki ya tashi, har a 1349 Sarki Edward na Uku na Ingila ya kafa dokar hana lebura da kafinta karɓar fiye da abin da ake biya kafin annoba.

Na ba Baba kafinta wannan labarin ranar da na je biyansa, da fatan zai yi mini ragi. Ya saurara har ƙarshe yana goge zarto, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan na ƙwarai, Malam. Amma kuɗin katakon nan ba a taɓa shi."