Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tattabarun Bayan Ɗakin Inna

"Mai bin tattabara, kansa kan tattabara ne." Maganar Baffa ke nan, kuma har yau tana yi min ciwo. Da ita ya sa aka kwashe tattabaruna kaf ina makaranta, aka kai kasuwa. Na dawo na tarar da tukwanen da na rataya a bayan ɗakin Inna wayam, sai ƙwai biyu da suka yi sanyi. Ko sisin kuɗin ban gani ba.

Zancen zamana a Legas za mu zo kansa. Abin da ya tayar min da tsohon mikin nan shi ne labarin da autata ta karanto min a waya. A 2011, Damian Scarf da abokan aikinsa a Jami'ar Otago ta New Zealand suka koya wa tattabaru cakar hotuna a allon kwamfuta bi da bi: mai abu ɗaya, mai biyu, mai uku. Wadda ta yi daidai a ba ta tsaba. Suna ta sauya girman abubuwan da launinsu, don kada tsuntsuwar ta bi girma ta bar adadi. Daga baya aka riƙa kawo musu hotuna bibbiyu, da adadin da ba a taɓa koya musu ba, har zuwa tara. Galibi sai su fara da ƙaramin kafin babban, daidai da biran da aka gwada a Amurka a 1998. Biyu da takwas ba ya ba su wahala. Takwas da tara ne kuskure ke yawa, don tazarar ta matse.

Ni kuwa tun ina yaro nakan zuba gero tsibi biyu, in tsuguna in ga baƙar nan mai farin wuya ta karkata kai, ta duba, ta nufi mai yawan. Na faɗa wa Baffa, ya ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri," ya maimaita min maganarsa a gaban ƙannena. Alhali tun shekarun 1930, Baffa yana goye, wani Bajamushe, Otto Koehler, ya koya wa tattabaru su ci ƙwaya biyar su bar saura. Kan tattabara ke nan, wanda aka zage ni da shi.

Allah ya jiƙan Baffa. Mako mai zuwa zan faɗi yadda Inna ta sayo min guda biyu a ɓoye da kuɗin adashinta, da rigimar da ta biyo baya.